Fulawar Siddiƙa da Fankata

Ranar Talata ce, kwana biyu bayan ƙaramar sallah, kuma tun ƙarfe tara na safe rana ta fara dukan Maiduguri kamar mun yi mata laifi. Irin zafin nan ne da idan ka dafa ƙarfen keke sai ka janye hannu da salati. Ko ganyen darbejiya ba ya motsi. A ranar ce Siddiƙa ta damƙa mini tukunyar fulawa, a ranar kuma na fara wautar da zan ba ku labarinta yau. Ku yi dariya iya son ranku, ni ma yanzu ina yi.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: sunana Madu, a Hausari nake zaune tare da kakata, Ya Zainaba. Shekarata ashirin da biyar. A aji uku na ƙaramar sakandare na ajiye biro, ba don wani dalili ba sai don kujerar aji tana cizona. Daga nan na yi walda wata biyu, na yi ɗinki mako shida, na tuƙa keke, na sayar da takalma. Yanzu ina koyon gyaran waya a shagon Oga Thomas, kuma duk wanda ya san ni yana jiran ya ji ranar da zan bari.

Siddiƙa kuwa 'yar Alhaji Sa'id ce, dillalin shanu, a Bulumkutu suke. Shekara biyu muna tare. Mahaifinta bai taɓa korata ba, bai kuma taɓa cewa in turo manyana ba. Magana ɗaya ya faɗa mata, ita kuma ta kawo mini ba ta rage ko harafi ba: "Yaron yana da ladabi, amma ba ya wata biyu a wuri ɗaya. Ke ma wata biyu zai yi da ke?"

To, a ranar Talatar za ta tafi Biu. Yayarta Mu'mina ta haihu, za ta zauna da ita har ta yi arba'in. Na same ta a zaure cikin lafaya ruwan zuma, lallen sallah bai gama fita daga hannunta ba, ƙanshin turaren wuta ya cika wurin har na manta abin da na shirya faɗa. A hannunta akwai baƙar tukunyar roba.

"Riƙe," ta ce.

"Mene ne wannan? Ganyen miya?"

"Kanka ne ganyen miya. Fulawata ce. Maƙwabciyarmu Mama Rhoda ta ba ni, shekara guda ke nan."

Na duba. Babu fure ko ɗaya. Ganye ne dogaye masu lanƙwasa kamar gashin jelar zakara, kowanne an tsattsaga shi ƙanana-ƙanana kamar haƙoran mataji, kore shar. Ban taɓa ganin irinta a garin nan ba.

"Na gaya wa Baba zan bar maka ita," ta ce. "Na ce idan na dawo na same ta da rai, da kaina zan tsaya gabansa in ce ya ba ka dama ka turo. Ya ce ya yarda."

"Haka kawai ya yarda?"

"Sai da ya gama dariya."

"Dariya ya yi?"

"Har da riƙe ciki."

Abin ya sosa ni, amma na daki ƙirji. "Kwana arba'in kawai? Ko jariri kika bar mini, ki dawo ki samu na yaye shi."

"Madu." Ta kalle ni, babu wasa a idonta. "Ina son fulawar nan. Kuma na gaji da kare ka a gidanmu da baki kawai."

Aka danna mata ham daga waje. Ta ce za ta turo mini bayani a waya, ta ja lafayarta ta fita.

Ina cikin keke, tukunya a cinyata, saƙon murya ya shigo. Tana tasha, hayaniya ta cika shi. Sau uku na saurara, ga abin da na iya tsinta: "Madu, kada ka manta, fan ce. Mama Rhoda ta ce in jaddada maka, fan ce, ba irin sauran fulawa ba ce, ba ta son zafi, sai ka..." Daga nan ƙarar mota ta cinye sauran.

Fan. To ni Turancina na kasuwa ne, amma ko jariri ya san fan. Fan ita ce fanka. Ba ta son zafi, fan ce. Na ce a raina, ashe 'yar gata ce, fulawar da ba ta rayuwa sai da fanka. Ban ma kira in tambaya ba, don kada a ce tun ranar farko na fara tambaye-tambaye.

Ina da fanka guda mai caji, ita ce duk dukiyata a wannan zafi. Na ajiye tukunyar a kan tagar ɗakina inda rana take shigowa sosai, don na san shuka tana son rana, na saita fankar a kanta, lamba uku. Ganyen suka shiga rawa. Na ɗauki hotuna goma sha ɗaya, ta gaba, ta baya, ta sama, don kyan da ta yi mini.

Kullum da safe sai in tafi da batirin fankar zuwa shago in cika shi, da azahar in gudo gida in mayar. Ni kuwa na koma kwana a tsakar gida a kan tabarma, ina fifita da kwali.

Kaka ta leƙo ranar kwana na uku, ta tsaya a bakin ƙofa da butarta, ta dubi fanka, ta dubi ganye, ta dube ni. Ta yi magana da Kanuri, zan juya muku: "Ni da na haifi ubanka ba ka taɓa kunna mini wannan abin ba. Ciyawa kake yi wa fifita?"

"Kaka, ba ciyawa ba ce. Aurena ne a cikin tukunyar nan."

"To aurenka yana bushewa," ta ce, ta wuce alwala.

Na duba da kyau. Gaskiya ne. Bakin ganyen ya fara komawa ruwan ƙasa, idan na taɓa sai ya murmushe kamar soyayyen zogale. Na ce iska ce ba ta ishe ta ba. Na matso da fankar kusa.

Da yamma Siddiƙa ta rubuto: "Ya fan ɗina?"

Na amsa: "Tana nan tana shan iska."

Ta turo fuskar dariya. Ita ta ɗauka barkwanci nake yi. Ni kuwa rahoto na ba ta. Na haɗa mata da hoto ɗaya daga cikin na ranar farko. A raina na ce gobe za ta murmure, ba ƙarya ba ce, gaba kawai na yi da labari.

Ba ta murmure ba. Zuwa kwana bakwai ƙananan ganyen suna zuba a kan leda kamar ƙaiƙayi. Sai na ce ƙishirwa ce. Na tare mai moya, wato mai tura kurar ruwa, na ce ya riƙa sauke mini jarka guda ta musamman. Na shiga ba ta ruwa safe, rana, yamma. Da na ga ruwan yana tsiyayewa ta ƙasan tukunyar yana jiƙa mini ɗaki, sai na ga asara ce, na ɗauko tsohuwar langar Kaka mai zanen fure na zaunar da tukunyar a ciki, ta yi zamanta cikin ruwa har wuya. Na ji daɗin dabarata ƙwarai.

Kwana huɗu bayan haka waɗanda ba su bushe ba suka koma rawaya, suka yi laushi, suka kwanta. Ɗakin ya fara wani irin wari kamar na kwata.

Kowace yamma saƙo yana shigowa. "Turo mini ita in gani." Ni kuma in zaɓi hoto daga cikin goma sha ɗayan nan, in yanke gefe, in ƙara haske, in tura. Sana'ar waya ta yi mini rana ta hanyar da ba ta dace ba. "Kai, Madu, ko ganye ɗaya bai canja ba!" ta rubuto. "Ashe ka iya." Wannan "ashe ka iya" ta hana ni cin tuwo a ranar.

Ranar kwana na goma sha uku na ɗaga wani ganye da ya rage da ƙarfinsa, na ga bayansa. Ɗigo-ɗigo ne masu ruwan ƙasa, a jere, layi biyu, kamar ɗinkin tela. Na ɗaga wani, haka. Gabana ya faɗi, amma kuma na ji sanyi, don na kama ɓarawo. Ƙwan ƙwari! Ashe su ne suke cinye ta. Na ɗauko reza na zauna ina kankare su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ƙi kankaruwa in yanke ganyen. Da na gama na kawo fiya-fiyar da muke kashe sauro da ita na yayyafa mata.

Kaka ta fito tana tari, ta toshe hanci da gefen mayafi. "Langata ce wannan?"

"Aro na yi, Kaka."

"Ka riƙe. Ko akuya ba zan ba abinci a ciki ba."

Washegari abin da ke cikin tukunyar ya zama kamar tsohuwar tsintsiya. Hotunana kuma sun ƙare.

A nan ne shaiɗan ya kawo shawara, ni kuma na ba shi kujera. Na ce Mama Rhoda ce ta ba ta, ke nan tana da wasu. In je in roƙi irinta, in dasa a tukunyar, wa zai sani? Na rufe gawar da buhu don kada 'yan unguwa su gani, na hau keke zuwa Bulumkutu, na sauka ta bayan layi yadda ba zan wuce ƙofar Alhaji ba.

Mama Rhoda maƙwabciyarsu ce, tsohuwar malamar firamare, ita ta koyar da Siddiƙa a aji huɗu. Na same ta a barandarta tana gyaran wake, tabarau a kan hanci, rediyo yana waƙar coci a hankali. Barandar a lulluɓe take da inuwa, tukwane a jere, kuma can a lungu, kusa da tulun ruwa, ga irin fulawar nan har uku, kore shar, kamar suna yi mini dariya.

"Sannu da gida, Mama."

"A'a, Madu ne? Sannu ɗana. Me ka rufe a buhu, kaza?"

Na buɗe. Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

"Yesu mai ceto," ta ce a hankali. "Me ta yi maka?"

"Wallahi Mama, babu abin da ban yi mata ba. Rana, na ba ta. Ruwa, sau uku a yini. Fanka kuwa ko minti ɗaya ban kashe ba sai in batir ya mutu."

"Fanka?"

"Eh. Ai ke kika ce a jaddada mini. Fan."

Sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta ajiye tiren wake a ƙasa don kada ya zube, ta kama ƙarfen kujera, ta yi dariya har hawaye suna bin kuncinta. Ni ina tsaye da tukunya kamar wanda aka kama da kayan sata.

"Kawo hannunka," ta ce da ta samu numfashi. Ta ciro biro daga gashinta ta rubuta mini haruffa huɗu a tafin hannu: F, E, R, N. "Sunanta ke nan da Turanci. Bakinmu ne yake faɗar su iri ɗaya. Suna ne, ɗana, ba umarni ba. Kuma a duniya babu abin da ta tsana kamar busasshiyar iska. A gindin duwatsu take fitowa, cikin inuwa, inda ƙasa ba ta bushewa. Daga Jos aka kawo mini uwarsu. Kai kuma ka ɗora ta a rana ka sa mata fanka mako biyu."

"Lamba uku," na ce, don in cika gaskiya.

Ta sake fashewa.

Da ta lafa na sunkuyar da kai na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce ta taimaka ta ba ni ɗaya daga cikin nata. Na ce aurena ne.

Fuskarta ta canja, ta koma malamar aji. "Shekara talatin da biyar ina koyarwa, ban taɓa ba yaro satar amsa ba. Ba zan fara da kai ba. Me kake gaya wa yarinyar duk kwanakin nan?"

Na gaya mata zancen hotuna.

"Wannan ya fi fankar muni," ta ce. "Kawo tukunyar."

Ta kifa ta a kan buhu, ta bubbuga, ƙasar ta fito a dunƙule, baƙa, tana ɗiga. Ta ce in sansana. Na sansana, na kau da kai.

"Ka ji? Saiwa ce ta ruɓe. Tana son danshi, ba ta son iyo. Ramin da ke ƙasan tukunya ba kuskuren masu yi ba ne." Ta sa almakashi tana datse duk saiwar da ta yi baƙi ta yi laushi, tana barin masu ƙarfi. "Idan bakin ganye ya bushe ya yi ƙaras, iska ce ta bushe ko rana ta yi yawa. Idan ya yi rawaya ya kwanta, ruwa ne ya yi yawa. Kai ka haɗa mata duka biyun. Wannan kuma fa? Wa ya kankare bayan ganyen?"

"Ƙwan ƙwari ne, Mama. Na kashe su da fiya-fiya."

Ta ɗora hannu biyu a ka. "Irinta ne! Ita ba ta fure, ba ta 'ya'ya, wannan ɗigon shi ne irinta. Sai mai lafiya take yin sa. Ganyen da suka fi lafiya su ka bi da reza."

Na zauna a ƙasa. Na ce, "Shi ke nan, ta mutu ko?"

Ta ci gaba da yanke matattun ganye tun daga gindi har sai da uku kawai suka rage, su ma duk tabo. Sai ta sa ɗan yatsa ta buɗe tsakiyar kututturen a hankali.

"Zo ka gani."

Na leƙa. Wani ɗan abu ne kore, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, a nannaɗe kamar dunƙulen hannun jariri, da ɗan gashi-gashi a jikinsa.

"Sabon ganye ne. Duk abin da ka yi mata ba ta haƙura ba. Taurin kai gare ta, kamar mai ita."

Ta wanke sauran ganyen da ruwa mai yawa don maganin ya fita, ta haɗa sabuwar ƙasa da ruɓaɓɓen ganye da ɗan yashi, ta dasa ta a tukunyar ƙasa mai rami. Ta ce in samu faranti in zuba tsakuwa da ruwa, in ɗora tukunyar a kan tsakuwar yadda gindinta ba zai taɓa ruwan ba. In nemi wurin da ya fi ko'ina sanyi a gidanmu, mai haske amma rana ba ta sauka. In fesa mata ruwa safe da yamma. Kafin in zuba ruwa a ƙasar in tsoma yatsa, idan da danshi in bar ta. Sau ɗaya a mako in zuba da yawa har ya fita ta ƙasa, don ya wanke gishirin ruwan burtsatse.

"Ba wuya gare ta ba," ta ce. "Mutum take so wanda zai zo gobe, ya zo jibi, ya sake zuwa. Sauran aikin kuma ka san shi. Ba na tukunya ba ne."

A cikin keke na ɗauki hoton gaskiya. Ganye uku, duk tabo. Na rubuta komai, fanka, langa, reza, da hotuna goma sha ɗaya. Na goge, na sake rubutawa. Mun kusa gida na rufe ido na tura.

Alama ta nuna ta karanta. Ba ta ce komai ba.

Kaka ce ta zaɓi wurin. Ta nuna lungun rumfarta, gefen randa, inda ƙasa kullum take a jiƙe. "Da ka tambaye ni tun farko," ta ce. Ta shiga ɗakina ta ɗauko fankar, ta wuce da ita ɗakinta ba ta ko waiwayo ba.

Na karɓo robar feshi wurin mai askinmu. Safe da yamma ina tsugune gaban randa ina fesawa. Kowace safiya in ɗauki hoto in tura wa Siddiƙa, yadda take, ba gyara. Kowace safiya ta karanta ta yi shiru. Kwana ɗaya, biyu, biyar. Na rame. Oga Thomas ya ce ko zazzaɓi nake yi, don na daina surutu, har na zauna na gyara waya huɗu a jere ban tashi ba.

Ranar kwana na shida da shirunta, abokina Habib ya zo shago da gudu. A Kasuwar Shanu yake aiki.

"Mutumina, tashi! Tirela za ta Legas jibi da shanun babbar sallah, ana neman mutum ɗaya. Na ce ina da shi. Mako uku, ka ga teku, ka ga gada."

Ku da kuka san ni kun san abin da wannan yake nufi. Tun ina yaro nake mafarkin Legas. Ƙafata har ta fara kaɗawa a ƙarƙashin tebur. Siddiƙa ba ta magana da ni, wataƙila ma an gama. Me zan zauna yi?

"Ba zan iya ba," na ji bakina ya ce.

"Me ya sa?"

"Ina ba fulawa ruwa."

Habib ya dube ni tun daga hula har takalmi. "Madu, ko dai an yi maka asiri ne?"

"Safe da yamma ne. Kaka ba za ta iya tsugunno ba."

Ya fita yana girgiza kai, kuma kafin la'asar duk Kasuwar Shanu ta ji cewa Madu ya ƙi Legas saboda ganye.

Ranar kwana na tara da shirunta dunƙulen nan ya warware. Da asuba na same shi ya miƙe kamar ɗan yatsa, kansa a lanƙwashe, ƙananan ganye suna buɗewa ta gefe biyu, ga wani sabon dunƙulen a gindinsa. Na kira Kaka da ƙarfi har ta ɗauka gobara ce. Na ɗauki hoto na tura wa Siddiƙa.

Minti biyu, waya ta yi ƙara.

"Juya ta. Gefen hagu ya fi samun haske."

Na juya, na sake turawa.

"Maƙaryaci."

"Na'am."

"Lamba uku fa, Madu?"

"Don ta ji daɗi ne."

Sai saƙon murya ya shigo. Babu magana a ciki, dariya ce kawai take yi, can ƙasa jaririn Mu'mina yana kuka, a ƙarshe ta ja hanci ta ce, "Kada ka sake yi mini ƙarya. Ko ta mutu ka ce ta mutu." Na saurare shi ya fi sau ashirin.

Jiya ta dawo. Yau bayan la'asar na sa farar shaddata, na ɗora hular zanna, na rungumi tukunya na hau keke, na ce wa direba ya bi a hankali kamar ya ɗauko mai naƙuda. Ganye bakwai gare ta yanzu, uku tsofaffi masu tabo, huɗu sababbi. Ba ta kai rabin rabin yadda aka ba ni ita ba.

Alhaji Sa'id yana zaune a kan darduma a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, carbi a hannu. Na tuɓe takalmi daga nesa na durƙusa, na gaishe shi da Kanuri.

"Wushe, Baba."

"Wushe, Madu. Lale. Ajiye ta nan."

Ya duba ta yadda yake duba sa a kasuwa. Ya juya tukunyar, ya ɗaga ganye ya leƙa ƙasansa, ya tsoma yatsa a ƙasar ya murza. Labulen zaure yana motsi, kuma babu iska.

"Ba haka ta bar gidan nan ba," ya ce.

"Ba haka ba ne, Baba."

"Tukunyar ma ba ita ba ce."

"Ba ita ba ce."

Ya ja carbi sau biyu ko uku. "Shekara talatin ina tura shanu kudu. Idan mai rakiya ya dawo, ba na tambayarsa nawa suka isa. Ina tambayarsa nawa suka mutu a hanya. Wanda ya ce mini ko ɗaya, a wannan zafin, ba na sake ba shi dabba. Da ka kawo mini ita cike da ganye, da na san wata ka samo." Ya ɗan yi murmushi. "An ce kuma ka ƙi Legas."

"Haka ne, Baba."

"Wa ke gare ka a nan garin, ban da tsohuwa?"

"Kawuna Ya'akubu."

"Ka ce masa ranar Juma'a bayan la'asar ina gida." Wani ɗan sauti ya fito daga bayan labule, aka yi sauri aka danne shi. Alhaji ya yi kamar bai ji ba. "Amma kafin ka tashi, faɗa mini abin da ya mutu a hanya. Duka. Ita Siddiƙa ta riga ta ba ni tata ƙidayar."

Na gyara durƙuso, na share gumi, na faɗa masa:

"Ganye ashirin da uku, Baba. Sha huɗu fanka da rana, biyar ruwa, huɗu da hannuna na yanke. Rabin saiwa. Tukunyar roba ɗaya. Langar kakata ɗaya. Fanka ɗaya. Tafiya Legas ɗaya. Da kwana tara da Siddiƙa ba ta yi mini magana ba."